Agogon Isyaku da Ya Yi Fari

Tun da na dawo daga Kwatano ban samu sakat ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Gummi, duk wanda ya zauna sai ya ce, "Alhaji, wai da gaske don agogo guda ka ƙetare ƙasa biyu?" Na ba da labarin har murya ta dushe, kuma kowa ya tashi sai ya ƙara nasa a gaba. Shekaranjiya na ji an ce wai jirgin sama muka hau. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Isyaku mutumin Anka ne, tare muka koyi tuƙi muna samari. Ni na bar sitiyari na shiga fatauci, na yi Abijan, na yi Lome da Kwatano, na yi Hartum. Shi kuwa ya tafi Jidda, ya yi shekara ashirin da wani abu yana tuƙa wani attajiri Balarabe. Da na je Umra bara na same shi kwance, jiki ya ƙi. Ya kwance agogon hannunsa, na zinari, ƙirar Suwizalan, wanda maigidansa ya ba shi ranar da ya ajiye aiki. Ya ce in kai wa ɗansa Bashiru, hannu da hannu. Kafin in isa Anka labarin rasuwarsa ya riga ni. A wurin zaman makoki na miƙa wa Bashiru agogon, a gaban jama'a.

Bashiru magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, sana'arsa wankin zinari a wajen Abare. Bayan wata biyu agogon ya soma yin fari-fari a wurin maɓalli da gefen ɗan kan da ake murzawa. Ya cire shi ya ajiye kwana biyu, ya tarar ya tsaya. Abokan aikinsa, waɗanda kullum zinari ke hannunsu, suka ce zinari ba ya koɗewa, wannan ruwan gwal ne aka shafa wa ƙarfe. Isyaku kuwa ba zai aiko wa ɗansa da jabu ba. Saura wa ke nan?

A Bukkuyum na ji, ranar kasuwa. Wani mai sayar da buhuna da na sani shekara da shekaru ya ce, "Alhaji, in za ka Makka bana, a yo muna tsaraba, amma irin wadda ba ta koɗewa." Aka yi dariya. Shekarata saba'in da ɗaya. Shekara arba'in ina ɗaukar saƙon mutane daga ƙasa zuwa ƙasa, magani, takardu, 'yan kunne, kayan mamata, ko allura ba a taɓa cewa ta ɓace a hannuna ba. Washegari na hau mota sai Anka.

"Baba Alhaji, ni ban ce ba," in ji Bashiru, kansa a ƙasa. "Mutane ka faɗi."

"Da sunka faɗi, kai mi ka ce musu?"

Ya kau da kai. Innarsa tana cikin takaba, na aika da gaisuwa, aka dawo aka ce tana barci. Da hantsi ne.

Na ce masa tsayawar agogon ba aibu ba ce, irinsa ba ya aiki da batir, motsin hannu ke ba shi rai. Ya ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa tsoho. Muka gwada wani mai gyara a Gusau, na ga ya ɗauko wuƙa zai ɓanɓare murfin baya, na riƙe hannunsa. Mutum ɗaya na sani da ke da kayan buɗe irin wannan agogo kuma ba ya jin kunyar kowa, wani tsoho a Kwatano, Papa Kosi. Na ce wa Bashiru ya shirya. Sharaɗina biyu: da idonsa zai gani, kuma ni ba zan taɓa agogon ba har mu je mu dawo. Innarsa ta ƙara nata. Ta sa aka kira baduku, ya ɗinke agogon cikin jar fata kamar laya, aka ɗaura wa Bashiru a damtse.

Daga Gummi ba mu tashi ba sai da rana ta ɗaga. Kun san hanyarmu yanzu, direba ba ya fita sai ya ga motar da ta fito daga can, ya tambaya ko lafiya. Muka bi ta Kajiji, Tambuwal, Jega, muka yi azahar a Bunza, la'asar a Kamba. Tsawon hanyar nan Bashiru bai ce mani komai ba ban da "sannu", hannunsa na dama kuwa yana kan damtsen hagu kamar mai ciwo.

A iyaka wani jami'i ya shafa jikinsa ya ji ƙullin. Ya tambaya da Faransanci ko mene ne. Na ce, "Abin da uwarsa ta sa aka ɗinka masa ne." Ban yi ƙarya ba. Mutumin ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, ya ce mu wuce. Iyakoki sun bambanta. A Sudan na taɓa ganin jami'i ya farke layar wani, ya karanta ta tsaf, ya mayar masa yana cewa malaminka ya tsallake aya.

A Gaya ta Nijar muka kwana a rumfar wani mai shayi, da safe muka gangara bakin kogin Kwara. Lokacin gada a rufe take, sai kwalekwale. Nan na ga abin da ban zata ba. Mutumin da ke shiga rami mai zurfin gaba goma yana neman dutse, ya ga ruwa ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Wata Bazabarma mai kwandunan albasa ta ce da Hausarta, "Kai mai gemu, shiga mana, ruwan ba ya cin baƙo da safe." Ni kuma na shiga yi masa burga, ina cewa mu mutanen Gummi a gulbi aka yi mana wankan farko. Muka ƙetare lafiya. Ina sa ƙafa a gaɓar Malanbil laka ta kwashe ni, na zauna daɓas, hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya bi ruwa. Bashiru ne ya ɗago ni. Dariya ta kubce masa, ya yi maza ya haɗiye. Na shiga ƙasar Benin da silifa na roba, ƙafa ɗaya shuɗi, ɗaya kore, don su kaɗai mai tebur ke da su daidai ni.

Motar Kwatano babbar bas ce, kuma abin da ya fara ba Bashiru mamaki shi ne ta tashi a kan lokacin da aka rubuta, da kujeru uku babu kowa. A tashar Gummi direban da ya yi haka sai an kai shi wurin malamai. Kowace kujera da lambarta. Bashiru ya zauna inda ya ga dama, wata mata mai ƙiba ta zo ta tsaya kansa tana nuna masa takarda har ya tashi. Ba a tsayawa salla, sai mun haɗa. A Paraku aka tsaya cin abinci, na ci sakwara da cukun Fulani soyayye, wanda suke rina bayansa ja. Na yi wa mai sayarwa Fulatanci, ta riƙe baki, ta ce Fulatancina na mutanen gabas ne, ta ƙara mani yanka biyu. Bashiru ya ƙi taɓa komai sai burodi da kifin gwangwani, wai bai san wanda ya yanka naman ba. Na ce cuku ba a yanka shi da bisimilla. Ya ce duk da haka.

Mun sauka a Zango, unguwar Hausawan Kwatano, gidan Alhaji Mudi, wanda kakansa ya zo fataucin goro daga Katsina bai koma ba. Hausarsa tana nan daram, sai dai kowace magana sai ya buɗe ta da "bon", wato "to" na Faransanci. Al'adar gidan ba ta canza ba tun zamanin da nake sauka wurin mahaifinsa: ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya yi wanka. Aka kawo tuwon masara mai tsami naɗe cikin ganye, da miyar kuɓewa, ƙaguwa guda zaune a tsakiya da ƙafafunta duka. Bashiru ya dube ta, ya dube ni, ya jawo ledar burodinsa.

Da na gaya wa Alhaji Mudi abin da ke tafe da mu, na roƙe shi ya raka mu ya yi tafinta. Ya ce, "Bon, Alhaji, kai da Faransancinka ya fi nawa?" Na ce shi ya sa. Ni ake tuhuma. In na tsaya tsakanin bakin mai gyara da kunnen yaron nan, gobe a Anka za a ce na juya magana.

Washegari muka hau 'yan acaɓarsu masu rawayar riga. Bashiru yana ta waige, don mata ne ke wuce mu a kan baburansu, wata da goyo, wata da tiren abarba. Muka yi rashin sa'a, mun isa ƙarfe ɗaya, shago a rufe. Na manta mutanen nan suna rufe sana'a su tafi cin abinci da barci har ƙarfe uku, abin da ko a Jidda sai don salla ake yi. Muka zauna a inuwa. Can sai ga wani Ba'adare, Bahaushen Nijar, da allon agoguna a kafaɗa, ya ji Hausa ya tsaya. A kan allon nan akwai irin agogon Isyaku sak, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Launi ɗaya, rubutu ɗaya, tsinken daƙiƙa yana tafiya sumul.

"Wannan, alhazai, ko wanda ya ƙera na ainihin sai ya sa tabarau," in ji shi.

Bashiru ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Bai dube ni ba, amma na ga abin da ya gani: ashe abu ne mai sauƙi haka. Ban taɓa jin awa biyu masu tsawon waɗannan ba.

Ƙarfe uku aka buɗe. Papa Kosi ya tsufa ƙwarai, hannunsa na rawa, amma ya gane muryata kafin in gama sallama. Ya ce shi yanzu kunne kawai ya rage masa, aiki na hannun 'yarsa, Madam Afi, mace mai kamar shekara arba'in da gilashin ido ɗaya rataye a wuya. Bashiru ya matso kusa da Alhaji Mudi ya ce, "Wai macce za ta buɗe shi?" Alhaji Mudi ya ce, "Bon, ko ita, ko mai wuƙar Gusau." Na koma kan benci a bakin ƙofa na harɗe hannu. Daga nan ban ƙara cewa uffan ba.

Bashiru ya farke fatar da reza da kansa. Madam Afi ta jawo aljihun tebur ta fito da wani agogo irinsa, ta ce jabu ne, tana ajiye shi don koya wa masu gardama. Ta ɗora masa na Isyaku a tafin dama, na jabun a hagu. Mai wankin zinari ba a koya masa nauyi. Na ga hannunsa na dama ya ɗan sauka.

Ta ce kada nauyi ya ruɗe shi, masu jabu sun koyi cusa ƙarfe mai nauyi. Tafiyar tsinke ma sun koya. Ta ba shi gilashin ta ce ya dubi rubutun fuskar. A na jabun, haruffan sun yi kaushi a gefe kamar an rubuta da tawada a kan tsumma. A na Isyaku kowane harafi tsaye yake, gefensa kamar an yanka da aska. Ta cire sarƙar ta nuna masa lambar da aka sassaƙa a ɓoye, mai zurfi, tana ƙyalli, ta jabun kuwa kamar an ɗiga ta da ƙusa. Papa Kosi ya karɓa ya kara a kunne, ya daɗe, ya yi murmushi.

Sannan ta ɗauko wani ƙarfe mai haƙora daidai bakin murfin, ta murɗa a hankali. Ta buɗe duka biyun ta jera. Alhaji Mudi yana fassarawa: "Ta ce mai jabu yana ƙawata inda ido ke gani ne. Ka dubi inda ba a gani." Cikin na jabun akwai zoben roba fari da ya riƙe ɗan ƙaramin inji, da ƙura, da sawun yatsa. Cikin na Isyaku injin ya cika gidansa, kowane ɗan dunƙulen ƙarfe an goge shi, har kan kusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. A cikin murfin ga hatimin zinari. Ta ce na ainihi ne, ba ta da shakka ko kaɗan.

Na ji kamar an sauke mani buhu daga ka. Amma Bashiru ɗan Isyaku ne, taurin kan gado ne.

"To farin ga fa? Zinari dai ba ya fari."

Ta sa gilashi ta daɗe a kan maɓallin. Ta ce abin mamaki ne. In ruwan gwal ya goge, ana ganin gaɓa inda ya ƙare, farin yana ƙasa. Wannan farin a sama yake, kamar an shafa. Papa Kosi ya tambaya daga kujerarsa, wane aiki mutumin nan yake yi? Aka ce wankin zinari. Ya ce da me yake kama garin zinarin?

Alhaji Mudi bai gama fassarawa ba na ga bakin Bashiru ya buɗe. Zaiba, farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa. Kullum da yatsunsa yake murza ta cikin kwano, ta haɗiye garin zinari ta zama farin dunƙule, ya matse a tsumma. Da yatsun nan yake ɓalle agogon in zai yi alwala, da su yake murza kan. Abin da ya faru ga agogon shi ne abin da yake yi wa zinari da gangan tun yana saurayi. Shi da abokansa duka sun san zaiba na mayar da zinari fari. Ba wanda ya kawo haka a ransa, don a wurinsu zinari gari ne a kwano, agogo kuwa kayan kanti ne.

"A ba ni wuta," ya ce. "In zaiba ce, wuta na korar ta."

Madam Afi ta dafe ƙirji ta ce ba a shagonta ba, kuma ba da inji a ciki ba. Ta cire maɓallin kaɗai, muka bi ta bayan gida wurin wani maƙerin zinari maƙwabcinta. Ya sa mu tsaya ta inda iska ke fitowa, ya ce hayaƙin nan guba ne, shi ke sa hannu rawa da mantuwa. Ya kunna wutarsa a fili. Muna kallo farin ya tashi, rawaya ta dawo, dusu-dusu, sai an goge. Bashiru ya ga haka sau dubu a Abare. Wannan karon ya tsuguna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu.

A bakin titi ya kama hannuna. "Baba, ka yafe mani."

Na ce, "Tashi, mutane na kallo. Ba a Kwatano anka ɓata ni ba."

Ya gane. Mun bar agogon kwana biyu aka tsabtace shi, Madam Afi ta rubuta takarda ta buga hatiminta, ta kuma ja masa kunne kada ya ƙara kai shi wurin aiki. A daren ƙarshe Bashiru ya ci tuwon masarar nan, amma ƙaguwa ya ce a kai kasuwa. A kwalekwalen dawowa shi ya riƙe mani takalma.

Ba mu sauka a Gummi ba, muka zarce. Ranar kasuwar Bukkuyum Bashiru ya tsaya a rumfar mai buhuna ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi, har masu awon gero suka bar mudu suka matso. Mai buhuna ya ce shi ai wasa yake yi. Na ce na sani, shi ya sa na zo a ƙarasa wasan a inda aka fara. A Abare ba a sha wahala ba, da ya ce zaiba sai kowa ya dubi yatsunsa.

Daga nan sai Anka. Innar Bashiru ta fita takaba. Aka shimfiɗa mani tabarma a zaure na biyu, ta zo ta zauna bayan labule. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali. Bashiru ya miƙa mata takardar Madam Afi, na ji ta ajiye ta a ƙasa ba ta ko buɗe ba.

"Alhaji," ta ce, "da ya ba ka abin ga, bai ce komi ba?"

Ai kuwa ya ce. Saƙo biyu Isyaku ya ba ni a ɗakin nan na Jidda, ɗaya na ɗauka a aljihu, ɗaya a ka. Na biyun nata ne, ba na faɗa a taron maza ba, na bari sai ta fita takaba. Da maganar musanya ta taso sai na kulle bakina, don wanda aka ce ya canza agogo, me zai hana a ce ya ƙaga magana? Wannan kuwa ba shi da murfin da za a buɗe, ba wanda ya ji sai ni.

Na ce, "Ya ce in gaya maki shekara ashirin da ukkun nan ya san ke kika riƙe gidan, ba shi ba. Ya ce kullum yana cewa baɗi zai dawo gaba ɗaya, ki yafe mashi baɗin da ba ta zo ba."

Labulen bai motsa ba. Can na ji ta ja numfashi.

"Haka ya ce," in ji ta. "Wannan maganar Isyaku ce. Bashiru, kawo ma Babanka ruwa."